Gargaɗi ga Jama'ar Batsari da Safana: A Daina Zuba Guba a Buhun Abinci

Jama'ar Batsari da Safana, manoma da 'yan kasuwar hatsi da iyayenmu mata masu riƙe da tukunya, maganar nan ta gaggawa ce, kuma ta shafi abin da za a ci a gidajenmu daga kaka har faɗuwar wata damina. Wanda ke shirin tsiyaya fiya-fiya ko Sniper a buhun wake, ya dakata. Wanda ya jefa ƙwayar bom a buhu ya jingine shi a ɗakin da ake kwana, ya fitar da iyalinsa daga ɗakin yau, kada ya ce sai gobe. Wadda aka kawo mata awo ta ji yana tashin warin maganin sauro, kada ta ɗora shi a wuta. Kada kuma wani ya ƙara sakin jiki don mai sayarwa ya ce "wallahi ba magani a ciki". Babu ma'aikacin da ya gwada buhun nan kafin ya iso kasuwa, babu kuma wanda zai gwada shi kafin ya shiga cikin 'ya'yanku.

Sanin kowa ne abin da ya kawo mu nan. A da, manomi a Ruma ko Wagini ko Runka ko Zakka yakan ɗaure gero da dawa dami-dami, ya jera a rumbu da zangarniyarsu, wake kuma ya zauna cikin kwansonsa, sai buƙata ta taso a ɗebo a sussuka. Rumbun da aka gina da kyau, aka ɗaga shi a kan duwatsu, yana riƙe gero har wata kaka ta zo ta same shi, ba tare da ɗigon magani ba. Tun da 'yan bindigar dajin Rugu suka mai da ƙona rumbuna da kwashe abinci sana'a, barin amfani a ƙauye ya zama kasada. Yanzu ana girbi ana casa, a ɗura a buhu, a nemi mota ko babur a gudu da shi cikin gari. A garin kuwa ba sito, ba rumbu. Ɗaki ɗaya ne, na haya ko na ɗan'uwa, a ciki mata da yara ke kwana, a ciki buhunan suke. Mutumin da ya sayar da rai ya yi noma, wani ma sai da ya biya kuɗin shiga gonarsa ta gado, ba zai zuba ido ƙwaro ya mai da guminsa gari ba. Ba wanda zai ga laifinsa don ya nemi mafita. Abin da ake miƙa masa a teburin mai maganin ƙwari shi ne masifar.

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo amfani. Yana saka ƙwai a jikin kwanso, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar, ta ci ta girma a can, cikin kamar wata guda ta fito ta bar rami, ta sake zuba nata ƙwan. Shi ya sa buhun da aka ɗinke lafiya lau a watan Nuwamba kan wayi gari a Fabrairu ya huhhuje. Wanda ya san haka zai gane cewa yayyafa magani a bayan wake bai kai ga tsutsar da ke ciki ba, don haka sai a ƙara, wanda ya saya daga hannun manomi shi ma ya ƙara nasa, mai sito a kasuwar Dawanau ya ƙara na uku. Kowa ya zuba bai faɗa wa na gabansa ba.

Gubar da ke cikin Sniper, wadda kuma aka fi haɗa fiya-fiya da ita, sunanta dikulobos. Aikinta a jikin ƙwaro da na mutum iri ɗaya ne. Akwai wani sinadari a jiki mai tsayar da saƙon jijiya bayan ya isa inda aka aike shi, ita kuma sai ta toshe shi, jijiyoyi su yi ta bugawa ba tsayawa. Miyau ya dinga dalala, hawaye da gumi su tsinke, amai da gudawa su biyo, ƙwayar ido ta ƙanƙance, ƙirji ya cika da majina, numfashi ya gagara. Na kanti ma yana da takarda a jikinsa mai faɗin yadda ake sirka shi. Fiya-fiyar da ake ɗurawa a tsofaffin kwalabe ba suna, ba awo, ba wanda ya san ƙarfinta, har shi mai haɗawar.

A ƙarshen 2018 wani hoton bidiyo ya bazu na 'yan kasuwa suna zuba Sniper a wake, hukumar NAFDAC ta fito ta yi gargaɗi. A 2019 ta haramta sayar da ƙananan kwalabensa, na mililita 100 zuwa ƙasa, ta kuma ce manyan ba za a sayar da su ba sai a shagunan kayan noma da aka amince da su. Kowa ya zaga layin masu magani ranar kasuwa ya ga ko dokar ta iso nan.

Turawa kuwa tun kafin nan suka rufe ƙofa. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta, saboda an gwada an samu dikulobos daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da suka yarda da ita 0.01 ce. Wato mafi munin abin da aka gwada ya ninka iyakar sau 460. Da shekara ta zagayo ba a ga gyara ba, sai suka ƙara wa'adin da shekara uku. Abin da ya kamata ya hana mu barci a nan ba asarar kasuwar ba ce. Wancan wake shi ne zaɓaɓɓe, wanda aka tsince aka gyara don a kai waje. Wanda bai kai wannan matsayi ba, shi ne ya tsaya gida, ya zama ƙosai da alale da garau-garau, ya zama abincin makarantun kwana da na almajirai.

An kuma ga ƙarshen irin wannan a gida. A 2008 ɗalibai mata fiye da 120 na makarantar sakandaren gwamnati ta Doma a Gombe aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake. A shekarar kuma, a Bekwarra ta jihar Kuros Riba, mutum 112 suka kwanta, yara biyu suka rasu, bayan cin wake da alale. A shekarar NAFDAC, ƙarƙashin marigayiya Dora Akunyili, ta haramta magungunan ƙwari guda 30, ciki har da gamalin, wanda wasu ke zubawa a ruwa don kama kifi. Dattawa a cikinmu sun san warinsa.

Na zo kan bom, don ita ce ta fi ba ni tsoro a halin da muke ciki na cunkoson ɗaki. Ƙwayar nan mai launin toka ba a yi ta don gida ba. Da ta ji danshin iska sai ta fara sakin wani hayaƙi da ba a gani, mai suna fosfin. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na wannan hayaƙi. An tsara ta ne don ƙwararrun masu turara sito: a rufe kaya ruf da tamfol, a toshe ko'ina, mutane su nisanci wurin kwana biyar zuwa bakwai, sannan a buɗe iska ta daki kayan, a kwashe tokar da ta rage a binne. A wurinmu fa? A naɗe ƙwaya a tsumma, wani ma ko naɗewar ba ya yi, a cusa a buhun saƙa mai huji dubu, a ɗinke, a jingine kusa da katifa, a ja ƙofa a rufe taga saboda sanyin hunturu ko saboda tsoro. Buhun saƙa ba ya riƙe hayaƙi. Hayaƙin ya fita ya cika ɗakin, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa da tsagar bango ya shiga na maƙwabta, ƙwaron da aka yi dominsa ma ba duka ya mutu ba. Yara ƙanana su ne ke fara jigata. Alamar farko kan zo kamar wasa: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, nauyin ƙirji, sai a ce zazzaɓi ne ko iska. Wani lokaci akan ji wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma rashin jin warin ba shaidar lafiya ba ce. Gubar bom ba ta da makari. Likita yana iya tallafa wa numfashi da zuciya ne kawai, sauran sai abin da Allah ya yi.

Idan abin ya faru, ga abin yi. A fitar da kowa waje inda iska ke kaɗawa, a buɗe ƙofa da taga, kada wani ya tsaya kwashe kaya. Wanda magani ya zube masa a jiki, a tuɓe rigar, a wanke shi da ruwa da sabulu, mai wankewar ya kare hannunsa da leda. Wanda ya sha ko ya ci, kada a ɗura masa manja, kada a ɗura masa madara ko tsamiya, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Mutumin da hankalinsa ya gushe, abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya. A kwantar da shi a gefensa, a nufi asibiti mafi kusa, na Batsari ko na Dutsin-Ma, idan ya fi ƙarfinsu su tura Katsina. A tafi da kwalbar ko gwangwanin da ragowar abincin, domin gubar fiya-fiya tana da allurar da ke karya ta, atirofin, kuma likita zai fi saurin yanke shawara idan ya ga abin da aka sha. Duk wanda ya ci daga tukunyar a tafi da shi, ko da yana cewa garau yake.

Akwai kuma farin gari marar suna. A watan Agustan 2021, a ƙauyen Danzanke da ke mazaɓar Bargaja a ƙaramar hukumar Isa ta jihar Sakkwato, mutum 24 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an yi girki da gishirin lalle a maimakon gishirin miya. A watan Maris na shekarar, a Kano, ɗaruruwan mutane suka kwanta suna amai da fitsarin jini bayan shan abin sha da aka haɗa da wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Hukumomin lafiya na jihar sun ce mutum goma sun rasu, NAFDAC kuma ta gano cewa garin wani sinadarin masana'anta ne daban. Duka biyun ƙullin leda ne ko buhu da ba wanda ya tambayi asalinsa. Taki, gishirin lalle, maganin ɓera, kada ɗayansu ya kwana a madafi ko a inda yaro zai kai hannu. Jarka ko kwalbar da maganin feshi ya taɓa zama ciki, ko sau nawa aka wanke ta, ba ta ruwan sha ba ce, ba ta man gyaɗa ba ce, ba ta kunu ba ce. A huda ta a binne.

Haka irin shuka mai launin ja ko shuɗi da ake rabawa ko ake sayarwa gabanin damina. Launin alama ce cewa an shafe shi da guba. Gidan da yunwa ta matsa, ana iya cewa a wanke a niƙa. A Iraƙi aka yi haka a 1971 zuwa 1972 da irin alkamar da aka shafe da sinadarin makuri, aka wanke jan ya fita, gubar ta zauna: fiye da mutum 6,500 suka kwanta asibiti, 459 suka rasu a can. Ba a cin sa, ba a ba kaji, ba a ba akuya.

Yanzu ga wata sabuwar magana da ta shigo kasuwa daga birane da wayoyin hannu: oganik. Za a ce maka zuma oganik, riɗi oganik, wake oganik, a ɗora kuɗi a kai. A ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske, ba baki ke faɗin haka ba, takarda ce, kuma samunta aiki ne. A Tarayyar Turai, wadda sabuwar dokarta ta fara aiki a Janairun 2022, gona sai ta yi shekara biyu ba takin zamani ba maganin feshi na kanti kafin a shuka abin da za a kira da wannan suna, itatuwa kuwa shekara uku. A Amurka shekara uku ce. Manomi yana rubuta duk abin da ya shiga gonar, daga iri har taki. Mai bincike daga wata hukuma mai zaman kanta yana zuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya taka gonar, ya leƙa sito, ya duba littafi, ya kwatanta yawan abin da aka girbe da yawan abin da aka sayar, don kada a sayo na wani a haɗa. Ajiya ma tana cikin lissafi: buhun da ya sha fiya-fiya ya fita daga sahu, ko da takin turke kaɗai ya san gonarsa. Ko ɗanyen kashin dabbobi yana da ƙa'ida. Dokar Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, saboda ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. Masu latas da kabeji da karas su riƙe wannan.

Saboda haka wanda ya ce maka kayansa oganik ne, tambaye shi wa ya duba, ina shaida. Idan ya ce ai na ƙauye ne, to, ƙauye ne yanzu ya fi shan magani. Manoman yankinmu da yawa, saboda tsadar buhun taki, da takin gargajiya suke noma, sun fi kusa da waccan ƙa'ida fiye da yadda suke zato. Sai su zo su rushe komai cikin minti biyar ranar ɗinkin buhu. Kuma a bambance: takin zamani da aka zuba a gona bisa ƙa'ida ba shi ke kwantar da iyali a asibiti ba. Kada hayaniyar oganik ta sa mu tsani abin da ba ya kisa, mu manta da wanda ke yi.

Ko na gaskiyar ma, mai takarda da hatimi, bai tsira daga wata guba ba, domin ita ba a kanti ake sayo ta ba. Gyaɗa da masara idan fari ya dake su a gona, ko aka tara su da danshi, ko aka shanya su a ƙasa ruwa ya taɓa, wata fumfuna mai launin kore-kore takan kama su ta bar guba mai suna afulatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Birazil. A Kenya, a 2004, masarar da aka adana da danshi ta kwantar da mutum 317, 125 suka rasu. Wannan shi ne idan ta zo da yawa lokaci guda. Yadda ta fi zuwa mana shi ne kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, tana cin hanta. Tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B, wadda ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Binciken da aka yi a Benin da Togo ya danganta ta da tsumburewar yara. Tafasa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Tana bi ta nonon saniyar da ta ci gurɓatacciyar dusa, tana bi ta nonon uwa.

Abin takaici shi ne al'adarmu ta tsintar gyaɗa. Mai kyau a kai kasuwa, ƙanƙanannu da masu baƙi da masu ɗaci a bar wa gida, ko a sayar da arha ga masu ƙuliƙuli. Wato inda gubar ta fi taruwa, nan muke ware wa yara. Iyayenmu mata masu sana'ar mai da ƙuli, ku ne masu tsaron wannan ƙofa: gyaɗar da ta canza launi, ko ta motse, ko take warin ruma, ba riba ba ce ko da kyauta aka ba ku. A ƙona ta ko a binne. A shanya amfani a kan tamfol, ba a ƙasa ba, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango. Mai shakkar bushewar masara ya sami busasshiyar kwalba, ya zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, ya rufe ya girgiza ya bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kuma fitar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona kilo 10 a kadada, mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, yana rage gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Ƙungiyoyin manoma su nemi malaman gona su kawo shi.

To wa ke da alhakin dubawa? A takarda an raba aikin. NAFDAC, da aka kafa da dokar 1993, ita ke rajistar magungunan ƙwari da abincin da aka sarrafa aka ƙulle. Hukumar killace kayan gona tana lura da abin da ke shiga da fita ta iyaka. Kasuwa da mahauta da masu sayar da abinci kuwa hannun ƙaramar hukuma suke, aikin duba-gari ne. Sai dai duba-gari ido da hanci gare shi. Yana iya kama ruɓaɓɓen nama, ba ya iya ganin miligiram a cikin kilo. Wannan sai an ɗauki samfur an kai ɗakin gwaji irin na NAFDAC da ke Kaduna. Ofishin hukumar yana Katsina, hanyoyinmu kuma kowa ya san halinsu. Hatsin da ake aunawa da tiya bai taɓa bi ta hannun mai gwaji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a Afirka kaɗai gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 91 a shekara, yana kashe 137,000. Namu da yawa ba sa shiga irin wannan lissafi, domin ana binne su ne da sunan amai da gudawa.

Ba kuma dole ba ne a zaɓi tsakanin guba da ƙwaro. Ƙwaro numfashi yake yi, hana shi iska kawai ya isa. Buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, masana daga jami'ar Purdue ta Amurka suka samo dabararsa tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, aka yi ta gwada shi a cibiyar binciken noma ta Maraɗi, ana kuma ƙera shi a Kano. A duba ledojin ba huji, a zuba busasshen wake, a matse iskar, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, waken ya yi watanni lafiya, a buɗe yau a dafa yau. Idan ɓera bai huda shi ba, yana kaiwa kaka biyu ko uku. Wanda bai samu ba, jarkar man girki da aka wanke ta bushe, ko duron ƙarfe mai murfi, aiki ɗaya suke yi, muddin an cika su har wuya an toshe bakin. Sharaɗin kawai kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. Na ci yau da gobe a ware shi daban, a gauraya da tankaɗaɗɗiyar toka kamar yadda kakanninmu ke yi. Kafin ajiya, shanya wake a kan baƙar leda a lulluɓe da fara, awa biyu da tsakar rana, yana kashe ƙwai da tsutsa. Buhun da aka adana haka ba tare da guba ba shi ne kaɗai ya halatta ya kwana ɗaki ɗaya da yara.

Masu lambu, a jikin kowace kwalbar feshi an rubuta kwanakin da za a jira kafin tsinka. Tun da tsutsar sharon ta cinye tumatir a 2016 hannu ya saba da feshi, har ana fesawa da yamma a tsinka da safe. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa ɗansa ko malamin gona ya karanta masa. Masu mangwaro da ayaba, sinadarin masu walda da ake nunar da kaya da shi haramtacce ne. Masu kilishi da bandar kifi, ƙuda ba da fiya-fiya ake korarsa ba. Batsari ƙasar rogo ce, kuma an san akwai mai ɗaci wanda ba a cinsa sai an fere, an jiƙa kwanaki, an shanya. Baƙon da gudun hijira ya kawo, da yaron da yunwa ta tura gona, ba su san bambancin ba. A faɗa musu.

Ranku ya daɗe iyayen ƙasa, Sarkin Ruma da Yariman Katsina, da dagatai da masu unguwanni: maganarku tana isa inda takardar hukuma ba ta isa. A sa sankira ya yi shela ranar kasuwa. Sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan hatsi su kafa ƙa'ida a tsakaninsu, cewa buhun da aka sa wa magani sai an yi masa alama da ranar da aka sa, wanda ya ɓoye a hana shi rumfa. Ƙungiyar masu noman oganik ta Nijeriya, NOAN, tana aiki da wani tsari inda manoman gari ɗaya ke duba gonaki da ajiyar junansu tare da masu saye, su rubuta, su tsaya wa juna shaida. Ba ya buƙatar baƙo daga Turai, kuma ba abin da zai hana manoman Wagini ko Babban Duhu yin irinsa a kan wake kaɗai. Malamai su faɗa a mumbari cewa sayar da abinci mai guba da ɓoye aibinsa algus ne. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu su tura duba-gari layin masu magani, su haɗa kai da hukumar raya aikin gona ta jiha, KTARDA, a kawo buhun mai hawa uku kasuwa a farkon kaka, lokacin da ake buƙatarsa, ba bayan an gama ɗinki ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana da tsangayar noma a maƙwabtanmu, ɗalibanta su shigo kasuwanni su nuna ɗaurin buhun a gaban jama'a.

Saura wanda ya riga ya zuba. Idan bom ce, a fitar da buhun daga inda ake kwana, a kai shi rumfa ko zauren da ba kowa, a bar shi ya cika kwanakinsa. Sannan a buɗe a fili, mai buɗewa ya juya wa iska baya, a tsamo ƙullin tokar a binne ta nesa da rijiya, a baza hatsin a inuwa mai iska ya wuni ya kwana kafin a taɓa shi. Idan fiya-fiya ce ko Sniper, ba ka san adadin da ya zauna a ciki ba, don haka kada a ci shi, kada a kai shi kasuwa da sunan na ci. A rubuta a jikin buhun, a ajiye shi iri. Wake na kasuwa da ba a san asalinsa ba, a wanke shi sosai, a tafasa, a zubar da ruwan farko a sake sabo. Wannan yana ragewa ne kawai, ba ya kawar da duka, kuma wanda ke tashin warin magani ko hakan ba ta halatta shi ba. A mayar wa mai shi, a sanar da sarkin kasuwa.